Kafin Ka Sayi Littafin Nahawu: Nasiha Ga Mai Son Fara Larabci

 In na ce "kai" a wannan rubutu, har da ke nake.

Kusan duk matashin da ya tare ni da maganar yana son koyon Larabci, tambayarsa ta farko ita ce wane littafin nahawu zai saya. Wani ma ya riga ya sayo Ajuruma, don an ce masa daga nan malamai suka fara. Ya haddace shafi biyu ko uku, yana iya lissafa maka alamomin li'irabi, amma ka ce ya faɗi "ina jin ƙishirwa" da Larabci, sai ya hau sosa ƙeya. Kafin wata biyu littafin ya koma ƙarƙashin katifa, shi kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa Larabci ya fi ƙarfin kwanyarsa. Kwanyarsa lafiyarta lau. Abin da ya kamata ya zo daga baya ne ya sa a gaba.

Ba raina Ajuruma nake yi ba. Mai ita, Ibnu Ajurrum, ya rasu a birnin Fas na Maroko a shekarar 1323, kuma ga shi bayan shekara ɗari bakwai ana karanta ɗan littafinsa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram. Sai dai nahawu mudu ne na awo. Wanda ya sayi mudu alhali babu ko tsabar gero a buhunsa, me zai auna? Tara hatsin tukuna. Hatsin kuwa shi ne kalmomi da gajerun jimloli irin na yara, waɗanda za ka faɗa da bakinka kullum har su zauna.

Abin da yawancinku ba ku lura da shi ba shi ne, Bahaushe ba ya fara Larabci da hannu wofi. Kira sunayen 'yan unguwarku ka ji: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Yanzun nan ka ƙirga na ɗaya zuwa na goma da Larabci, darasin da ɗalibi a Ingila ko Sin zai kwashe kwanaki yana fama da shi. Kabiru da Sagiru, babba da ƙarami ke nan. Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba, Karimu da Karima sun nuna maka yadda ake mayar da siffar namiji ta mace. Wasalin "u" ɗin nan da ke ƙarshen Kabiru da Jamilu, shi ne rufu'ar da za a zo ana yi maka dogon bayani a kanta in ka shiga nahawu. Ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa muke cewa Abdulƙadir da Abdulkarim da lam a fili, amma Abdurrahman da Abdussalam lam ɗin ya ɓace? Wannan shi ne babin haruffan wata da haruffan rana, goma sha huɗu kowanne. Bakinka ya daɗe da sanin ƙa'idar, sunanta kawai za a gaya maka.

Koma kan ranakun mako. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis daga ɗaya, biyu, uku, huɗu da biyar na Larabci suka fito. Ashirin, talatin, arba'in, har zuwa casa'in, duk nasu ne. Tsofaffinmu ma har metan suke cewa a maimakon ɗari biyu, da hamsaminya a maimakon ɗari biyar. Shiga ɗaki ka duba: alƙalami, allo, almakashi, aljihu, albasa, alkama. Cire "al" ɗin da muka haɗiye tare da kalmar, sai ga ƙalam, lauh, miƙass, jaib, basal, ƙamh. Haka labari, lokaci, lafiya, hankali, sabulu, jarida, siyasa. Aikinka na makon farko ke nan: sami takarda ka rubuta duk kalmar Hausa da kake zargin Larabci ce, ka kai wa wanda ya sani ya tace maka, ya nuna maka yadda asalinta yake. Za ka tashi daga wurin da ƙarfin gwiwar da babu littafin da zai ba ka.

Dangantakar ma ta wuce aron kalmomi. Masana harshe sun sanya Hausa da Larabci cikin babban dangi guda, Hausa a reshen harsunan Cadi, Larabci a reshen harsunan Samiyawa tare da Ibrananci da Amharik na Habasha. Shi ya sa za ka riƙa cin karo da abubuwan da za su ba ka mamaki. Gidanka, gidanki, gidanku: baituka, baituki, baitukum. Yana tafiya, tana tafiya: yazhabu, tazhabu. Bature sai an zaunar da shi an fahimtar da shi cewa maganar da za a yi wa namiji daban take da wadda za a yi wa mace, kai kuwa tun kana goye kake rarrabe kai da ke, don haka anta da anti ba baƙi ba ne a wurinka. Yadda muke sa "ma" mu sami wuri ko kayan aiki, mu ce makaranta, madafa, mabuɗi, haka suke sa mim su ce madrasa, maɗbakh, miftah. Littafin malam, kitabul mu'allimi, jerin iri ɗaya ne. Kunnen da ke rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ba zai kasa rarrabe jamal, raƙumi, da jamaal, kyau, ba. Wanda ya san baba daban babba daban, ya san shadda: darasa, ya yi karatu, darrasa, ya karantar.

To, amma kusancin nan yana da nasa tarko, kuma gara in faɗa maka tun yanzu. Wasu kalmomin sun sauya ma'ana a hanya. In Balarabe ya ce yana da shugul, aiki yake nufi, ba shagalin biki ba. Tajir a wurinsa ɗan kasuwa ne, ko da jarinsa bai wuce tiren goro ba, alhali tajiri a wurinmu sai mai dukiya. Babban tarkon kuwa yana kan harshe. Kakanninmu sun mayar da harafin ض lam, shi ya sa muke cewa alwala, alƙali, lalura, farilla. Mun mayar da ث sin, kamar a Usman da Salisu. Haruffa uku, ز da ذ da ظ, duk "z" muke jinsu. ه da ح da خ kuma duk "h". Harafin ع mukan haɗiye shi gaba ɗaya. A Hausa wannan ba laifi ba ne, kalmomin sun zama namu, mu furta su yadda muka ga dama. Amma in Larabci kake yi, kowane harafi sai ka ba shi haƙƙinsa. Malamai sun saba kawo misalin ƙalb, zuciya, da kalb, kare, kuma a nan ma mun yi sa'a, don muna da ƙ a bakinmu, gyara kaɗan take bukata. Waɗannan haruffa ba a koyonsu daga takarda. Sai ka zauna gaban wanda ya iya, ka kalli bakinsa, ka maimaita, ya ce a'a, ka sake. Wanda ya yi tajwidi a Islamiyya ya riga ya ci rabin wannan aiki.

Ni ma da nake rubuta muku Larabci da boko a nan, lalura ce. Kai kada ka saba wa hannunka da haka. Rubuta da haruffan Larabci tun ranar farko, da wasullansu cikakku, ko da rubutun ya yi kama da tafiyar kura. Wanda ya taso a makarantar allo, ya yi babbaƙu da farfaru, ya lura da abu ɗaya: a rubutun Warash da muka gada, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A littattafan da ake bugawa a Masar da Saudiyya da Labanan, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Kwana biyu ido zai saba.

Yanzu ga yadda nake so ka riƙa ɗaukar kalma. Kada ka taɓa rubuta ta ita kaɗai da fassararta a gefe ka ce ka gama. Kowace kalma ta shigo littafinka da abokan tafiya uku: namiji ce ko mace, mene ne jam'inta, sannan jimla guda da ta fito a ciki. Ɗauki ƙofa. A layin farko ka rubuta babun. A gabanta abwabun, ƙofofi. Sai ka sa alama cewa namiji ce, duk da a Hausa ƙofa mace ce. A ƙasa ka rubuta albabu maftuhun, ƙofa a buɗe take. Ka ga a layi uku ka sami kalma, ka tsira daga kuskuren jinsi, ka kuma ƙaru da maftuh kyauta. Jinsin nan kada ka yi masa hasashe da Hausa. Rana mace wata namiji, shams da ƙamar ma haka, sai ka saki jiki. Ka zo kan hannu da ido da kunne, waɗanda duk maza ne a wurinmu, ka tarar yad da ain da uzun duk mata ne. Jam'i kuma haddace shi ake yi tare da tilonsa, kuma bai kamata wannan ya firgita mutumin da harshensa ke cewa gida gidaje, littafi littattafai, ɗa 'ya'ya ba.

Kalma biyar a rana ta isa. Na san masu zafin nama za su ce ta yi kaɗan. Yi lissafi: kwana biyar a mako, ka bar Alhamis da Juma'a don bita kamar yadda makarantun allo ke hutawa, kalma 25 ke nan a mako, 1,300 a shekara, kowace da jimlarta. Mai haddace hamsin ranar Asabar ya wayi gari Talata babu ko goma a kansa bai kamo ƙafarka ba. Kuma kada ka ɗauko su daga ƙamus kana bin alif, ba, ta. Ɗauko su daga yininka: ruwa, abinci, riga, takalmi, kasuwa, mota, kuɗi, uwa, uba, maƙwabci, ci, sha, tafi, dawo, zauna, karanta, rubuta, kwanta. Haɗa da kalmomin tambaya, ma, man, aina, mata, kaifa, kam, limaza, da 'yan ƙananan nan da ke ɗaure magana, fi, ala, min, ila, ma'a, inda. Waɗannan na ƙarshe kullum kana jinsu a bayan liman. Ranar da ka san aikinsu, za ka ji karatun sallah ya fara buɗe maka ta inda ba ka zata ba.

In ka sami jimla, kada ka bar ta yadda ka same ta. Ja ta. Zahabtu, na tafi. Zahabtu ilas suƙi, na tafi kasuwa. Zahabtu ilas suƙi ma'a akhi, na tafi kasuwa da ɗan'uwana. Ƙara ba'adal asri, bayan la'asar. Yanzu kore ta: ma zahabtu, ban tafi ba. Mayar da ita tambaya: hal zahabta, ka tafi? hal zahabti, kin tafi? Cire kasuwa ka sa masallaci, cire ɗan'uwa ka sa aboki, cire kanka ka sa Jamila, ka ji yadda zahabtu ta koma zahabat. Jimla ɗaya ta haifi ashirin, kuma duk da murya a fili, ba a zuci ba. Ba ka san sunan ko ɗaya daga cikin ƙa'idojin da ka yi aiki da su ba, amma kunnenka ya fara jin cewa bayan ila kisira ke zuwa. Ranar da malamin nahawu ya ce maka ila harafin jarra ce, murmushi za ka yi, don tsohon sani ne aka raɗa wa suna.

Bayan 'yan watanni za ka fara hango wani abu da shi ne daɗin Larabci. Yawancin kalmominsa daga saiwa mai baƙi uku suke tsirowa. Hukunci, hukuma, hakimi da hikima, waɗanda duk muna faɗarsu, daga ha, kaf da mim suka fito; in ka haɗu da mahkama, kotu, ba sai ka daɗe kana lalube ba. Ilimi, malam, ulama'u, ta'alimi, gidansu ɗaya. Manyan ƙamusoshi irin su Al-Mu'ujamul Wasiɗ ma a kan wannan saiwa aka jera su, shi ya sa sabon shiga yake buɗe su ya rasa kalmarsa. Bar su sai ka iya tono saiwa.

Maganar littafi ba ta da tsawo. Iyayenku da yawa da littafin Bari da Biba suka fara, kuma ba su yi asara ba. Yau akwai Durusul Lugga mai juzu'i uku na Dakta V. Abdur Rahim, wanda aka koyar da baƙin ɗalibai da shi a Jami'ar Musulunci ta Madina. Shi kansa mawallafin ba Balarabe ba ne, mutumin Tamil Nadu ne a kudancin Indiya, ya rasu a 2023. Ya san inda ke yi wa baƙon harshe ciwo, shi ya sa ya fara da nuna abu a faɗi sunansa. Akwai Al-Arabiyya Baina Yadaik, wanda ya fi ƙarfi a hira kuma yana da sautin da za ka saurara. In lokacin ƙa'ida ya yi, An-Nahwul Wadih na Ali Al-Jarim da Musɗafa Amin, malaman Masar, yana kawo misalai kafin ya faɗi doka. Daga nan sai Ajuruma, daga ita mai rabo ya wuce Alfiyyar Ibnu Malik. Zaɓi ɗaya ka kai shi ƙarshe. Na ga wayoyin samari cike da littattafai talatin da aka sauke daga intanet, ba a wuce shafi na goma a ko ɗaya ba.

Abin da ya fi kashe masu koyo a cikinmu, a ganina, ba wuyar harshen ba ce. Kunya ce da jin kai. Saurayi ya sauke Alƙur'ani, ana ce masa malam a unguwa, sai ya ga ƙasƙanci ne ya zauna yana cewa wannan alƙalami ne, wannan kujera ce, ga yara suna ji. Na taɓa tsayawa a wani shagon magani kusa da Harami a Madina, a bayan wani dattijo ɗan ƙasarmu wanda daga jin yadda yake jan karatu a masauki ka san alaramma ne. Ciki ke damunsa. Mai shago ya tambaye shi abin da yake so, ya buɗe baki ya rufe, ya dafe cikinsa da hannu biyu yana yamutsa fuska yana cewa "haza, haza". Sai da wani yaro cikin takarin da aka haifa a can ya shigo sayen wani abu, ya yi masa tafinta. Kalma biyu yake bukata, baɗni yu'ulimuni, cikina yana ciwo, kuma kalmar ciki tana nan a wurare da dama cikin abin da ya haddace. Ba laifinsa ba ne, ba a kan magana aka gina karatun da ya yi ba. Karatun zaure, inda malam ke bin littafi kalma bayan kalma yana fassarawa, ya fitar da malaman da suka fahimci Risala da Muhtasar ciki da waje, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Amma ku da kuke da waya a hannu da malaman da suka zauna a Khartum da Alƙahira a unguwanninku, ba ku da uzurin dattijon nan.

Maganin kunya aboki ne. Nemi wanda kuke mataki ɗaya, ku yi alkawarin minti goma a rana ba Hausa ba Turanci. Kaifa haluka? Masmuka? Min aina anta? Aina taskunu? Maza akalta? Za ku yi kuskure, za ku yi wa juna dariya, za ku ce "hazihi" inda ya kamata ku ce "haza". Ku yi. Ku tara abin da ya shige muku duhu ku kai wa malami ƙarshen mako. Ku kuma da kuka yi nisa, ku ji tsoron Allah ku daina yi wa ƙananan ɗalibai dariyar lahani a bainar jama'a. Mutum nawa aka kora daga Larabci da "kai, ka yi lahanu" tun bai haɗa jimla goma ba.

Wani abin da zai ba ka tsoro in ba a gaya maka ba: Larabcin littafi, wato fusha, daban yake da na kasuwa. Kai za ka ce uridu, ina so. Bamisire zai ce ayiz, mutumin Sudan ya ce dayir, ɗan Saudiyya ya ce abga. Larabawan Shuwa na Borno da mutanen Njamena su ma da nasu. Kada wannan ya raba maka hankali biyu. Riƙe fusha, da ita ake huɗuba, da ita ake labarai, da ita ake rubuta littafi da jarida daga Maroko har Iraƙi. In ka yi ta a kasuwar Jidda wataƙila mai shago ya yi murmushi, amma zai gane ka, kuma wanda ya riƙe ta ba ya daɗewa bai kama karin garin da ya sauka ba. Don horar da kunne, kada ka ji nauyin kallon shirye-shiryen yara. Iftah Ya Simsim, wanda aka fara a Kuwait a 1979, da fusha mai sauƙi aka yi shi, kuma ana samunsa a YouTube. Ya fi maka amfani a yanzu fiye da muhawarar manyan malamai da ba ka tsintar komai a ciki sai sunan Allah. Manhajar fassara ta waya kuwa, tambaye ta kalma in ka maƙale, amma kada ka ba ta aikin gidanka ta yi maka.

Ke kuma ƙanwata, kada wani ya ce miki wannan fagen maza ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta tsara mata masu bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Abin da ita da baffanta Abdullahin Gwandu da ɗan'uwanta Muhammadu Bello suka rubuta da Larabci, tarihinmu ne, kuma da yawansa yana nan a Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, yana jiran jikokin da za su iya karanta shi ba tare da tafinta ba.

Mai son zurfafawa yana da wurin zuwa. Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda aka fi sani da SAS, tun 1934 aka kafa ta a matsayin makarantar horar da alƙalai, kuma a nan Shaikh Abubakar Gumi ya yi karatu. Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar ta fara aiki a 1986. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da sashen Larabci. Amma kada kowa ya zauna jiran takardar shiga makaranta kafin ya fara. Cikin wannan makon ka sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ka sami abokin hira guda, ka je wurin malamin Islamiyyar da ta fi kusa da gidanku ka roƙe shi minti goma bayan magariba ya riƙa sauraron furucinka. Iyaye kuma, in kun ji yaro yana zagaya tsakar gida yana kiran sunan tukunya da tsintsiya da Larabci, ku bar shi, karatu yake yi.